Abin da waya ke haɗiyewa: fashin baƙi kan kiɗan kontirabas da matasanmu ke tura wa juna

Bayan sallar isha'i ne, ina zaune a ƙofar gida a Gadarif muna jiran a dawo da wuta, saƙo ya shigo daga ɗan ƙanwata da ke Kasala. Sauti ne na minti 2 da 'yan sakanni, da rubutu layi ɗaya a ƙasa: "Kawu, ka saurara, don Allah ka gaya mini gaskiya." Na danna, na ɗora wayar a tafin hannu. Abin da ya fito ƙwas-ƙwas ne, kamar ana taɓa igiyar shanya, sai wani gunji can ƙasa-ƙasa mai zuwa yana ɓacewa. Na shiga ɗaki na ɗauko abin saurare, babban nan mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, na sake kunnawa. Sai ga kiɗa. Sai ga yaro yana takawa a kan kontirabas, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya, bugu bayan bugu, inda ya iya da inda ya kasa duk a fili.

Kafin ni ya riga ya tura wa abokansa. Yawancinsu a Khartum suka haɗu wajen koyon kiɗa, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa su: wani yana Bur Sudan, wani Alƙahira, wani wajen dangi a Jidda. Malamin da zai tsaya a kansu babu, wurin haɗuwa babu, sai waya. Kowa ya ɗauki abin da ya koya ya tura, sauran su faɗi ra'ayinsu. Ya nuna mini amsoshin da ya samu. Yawanci "ma sha Allah" ne da hoton wuta. Mutum ɗaya ya ce masa sautinsa ba shi da nauyi, ya ƙara ƙarfin hannu. Yaron ya kwana 3 yana fizgar tsirkiya har yatsansa ya yi bororo. Da masu yabon da mai gyaran, babu wanda ya ji abin da ya kaɗa.

Abin da ke isa kunnen mai saurare abu uku ne a cakuɗe: hannun makaɗi, ɗakin da ya tsaya, da wayar da ta ɗauka haɗe da wadda ta fitar. Wanda bai iya rarrabe su ba, ko dai ya yabi abin da bai ji ba, ko ya ɗora wa yaro laifin na'ura. Na yi shekaru ina riƙe bas-gita a bukukuwan aure a Madani, kuma wannan lamari yana damuna ƙwarai, domin a kan irin waɗannan amsoshi ne yaran nan suke gina hannunsu.

Mu fara da abin kiɗan kansa, tun da da yawa daga cikinmu ba su taɓa tsayawa kusa da shi ba. Kontirabas shi ne babban wa a gidan su kamanja, wato gogen Turawa. Tsayinsa ya kai kusan mita 1.8, a tsaye ake kaɗa shi, an jingina shi a jiki. Tsirkiyoyinsa 4 ne: Mi, La, Re, Sol. Masu kiɗan gargajiyar Turai galibi da baka suke goga shi kamar yadda ake yi wa goge, amma a jaz, kiɗan baƙar fatar Amurka, da gefen yatsa ake fizgar tsirkiyar. Tsirkiyar Mi, wadda ta fi kauri, tana girgiza sau 41 ne a sakan ɗaya. La sau 55, Re kusan 73, Sol kusan 98. Kunnen ɗan'adam yana fara jin sauti daga wajen girgiza 20 a sakan, ka ga ke nan Mi tana gab da gindin abin da muke iya ji.

Lasifikar waya kuwa ba ta kai girman ƙwayar dabino ba. Kafin a fitar da sauti mai zurfi sai an tura iska da yawa, ita kuma ba ta da ƙirjin yin haka. Duk abin da ya yi ƙasa da girgiza 'yan ɗaruruwa a sakan, sai ta sake shi ya faɗi. To me ya sa ake jin wani abu ko kaɗan? Domin tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. In ka fizgi Mi, tare da 41 ɗin nan akwai 'ya'yanta suna biye: 82, 123, 164, har sama. Waya tana haɗiye uwar da manyan 'ya'yan, ta bar ƙananan, ƙwaƙwalwa kuma ta yi ƙoƙarin cike gurbin. Shi ya sa za ka iya gane waƙar amma ba za ka ji nauyinta a ƙirji ba. Wanda ya ce wa ɗana sautinsa ba nauyi gaskiyar abin da ya ji ya faɗa, sai dai nauyin a cikin wayarsa ya salwanta, ba a hannun yaron ba.

Wannan matsala ta girmi waya nesa ba kusa ba. A farkon zamanin faifai, makaɗa a gaban wani babban mazurari suke taruwa, ƙarfin sautinsu ne ke motsa allurar da ke zane faifan. Kontirabas ba ya fitowa da kyau ta wannan hanya, don haka a faifan jaz na farko-farko sau da yawa tuba ake ji, wato babban ƙahon tagulla. Sai da aka fara ɗaukar sauti da makirufo da lantarki a 1925 sannan tsirkiya ta samu bakin magana. Wellman Braud, mai kontirabas da ya yi aiki da jagoran ƙungiyar jaz Duke Ellington a ƙarshen shekarun 1920, yana cikin na farkon da duniya ta ji su sarai.

Sai ɗaki. Sautin Mi in yana tafiya a iska, tsawon kowane kaɗawarsa ya haura mita 8. Ɗakunanmu mita 3 ne ko 4, bango da daɓen siminti, wani lokaci rufin kwano. Sautin ya bugi bango ya dawo ya haɗu da ɗan'uwansa, a wani wuri su taru su kumbura, a wani wuri su kashe juna. Shi ya sa a ɗauka ɗaya za ka ji wani sauti ya yi "buuu" ya cika kunne, na kusa da shi kuma ya ɓace kamar ba a taɓa shi ba. Mai saurare sai ya ce hannun yaro ba ya daidaita ƙarfi. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma ɗaki ne, musamman in an tsaya a lungu, inda sauti mai zurfi ya fi taruwa. Na ce wa ɗana ya fito daga lungu, ya shimfiɗa darduma, ya jingina katifa a bangon da ke fuskantarsa, ko kuma ya fita ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, da sassafe kafin unguwa ta tashi. Wayar kuma kada ya ajiye ta a ƙasa ko ya cusa ta bakin ramukan nan biyu na ƙirjin abin kiɗan, nan gunji kawai za ta kwasa. Ya ɗora ta a kan kujera, kamu biyu ko uku daga gare shi, daidai tsayin icen da tsirkiyoyi ke hawa, wanda masu garaya ke kira jaki. A nan ne ake samun nauyin sauti tare da ƙarar yatsa a kan tsirkiya, kuma wannan 'yar ƙarar ita ce ke nuna wa mai saurare daidai inda bugu ya sauka.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke ɓata aiki da yawa. Saƙon murya na WhatsApp don magana aka yi shi. Yana matse sauti don ya yi sauƙin tafiya, kuma wayoyi da dama suna ɗaga sauti ko su rage shi da kansu, har su ɗauki dogon sauti mai zurfi a matsayin hayaniya su danne shi. A ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta daban, a tura a matsayin fayil. Na san kuɗin data da wahalar intanet a ƙasar nan, amma minti ɗaya mai kyau ya fi minti 5 da aka tauye.

To an gyara ɗauka, an sa abin saurare a kunne. Me za a saurara? A nan ne nake ganin matasanmu suna fara cin tuwo daga tsakiya. Kowa kunnensa yana kan gudun yatsu da ƙawa. Aikin kontirabas a jaz kuwa abu biyu ne yake ɗauke da su lokaci guda: shi ne ke riƙe bugu tare da mai ganguna, shi ne kuma ke nuna wa sauran makaɗa inda waƙa ta dosa. Salon da aka fi sani shi ake kira tafiya. An raba kiɗan gida-gida, abin da masu karatun kiɗa a nan suke kira mazura, kowane gida bugu 4, shi kuma mai bas yana ajiye sauti ɗaya a kan kowane bugu, kamar mai takawa a kan hanya. Sautin farko na kowane gida yakan zama tushen haɗin sautukan da fiyano ke dannawa, na ƙarshe kuma ya zama tsani zuwa gida na gaba. In tafiyar ta yi daidai, mai busa zai iya rufe ido ya yi yawonsa, ya san ƙasa tana nan a ƙarƙashinsa. In ta gurɓace, kowa ya shiga uku, ko da kuwa kowane sauti ɗaya-ɗaya mai daɗi ne.

Don haka tambaya ta farko ita ce lokaci. Kuma wannan, alhamdu lillahi, waya ba ta iya ɓoye shi. Ga hanyar da na bi da ɗaukar ɗana, kowa zai iya bin ta ba tare da wata na'ura ba. Bulus ya kaɗa, tsarin nan mai gida 12 da kowane mai koyon jaz ke farawa da shi. Gida 12 sau bugu 4, bugu 48 ke nan a zagaye ɗaya. Ya fara a kan bugu 120 a minti, wato kowane zagaye ya kamata ya ci sakan 24. Na zuba ido a kan agogon da ke tafiya a ƙasan saƙon. Zagayen farko 24. Na biyu 24. Na uku 23 da ɗan abu. Na biyar 22. Yaro ya tashi daga 120 ya kai kusan 131 bai sani ba. Kuma na gano inda yake satar lokacin: duk sanda hannun hagu zai yi tsalle daga ƙasan wuya zuwa sama, tsoron kada ya makara yana sa ya iso da wuri. Wannan ita ce gaskiyar da ya roƙa. Ba "kana sauri" kawai na ce masa ba. Na rubuta masa: "Ɗana, duba minti 1 da sakan 10, da minti 1 da sakan 33, wuri ɗaya ne, gida na 9. Kafin ka ɗaga hannu, bar sautin ya cika ransa." Maganin da masu wannan sana'a suka daɗe suna bayarwa shi ne metronom, na'urar nan mai ƙyas-ƙyas, amma a sa ta ta buga a kan bugu na 2 da na 4 kawai, inda mai ganguna ke taka farantansa, a bar wa mai bas ya samar da na 1 da na 3 da kansa. Ranar farko mutum zai ji kamar ƙasa tana zamewa. Bayan sati biyu zai ji ta tsaya.

Na biyu shi ne dozan, daidaiton sauti. Wuyan bas-gita yana da ƙarafa a gicciye, ka danna ko'ina tsakanin biyu sautin ya fito daidai. Wuyan kontirabas sumul yake kamar na goge da kukuma, yatsa da kunne ne kawai jagora. Tsawon tsirkiyar da ke girgiza kusan santimita 105 ne. A can saman wuya kusa da kan abin kiɗan, tsakanin sauti da rabin matakin da ke biye da shi, wato sautin da ya fi kusa da shi, kusan santimita 6 ne, shi ya sa ake koyar da riƙo da manuniya, ɗan tsakiya da ƙaramin yatsa, na kusa da ƙaramin yana taimaka masa. Da ka gangaro tsakiyar tsirkiya, tazarar ta koma santimita 3. Kuskuren da bai dami kowa ba a sama, a nan ya ninka, ya zama nashaz sarai, wato sautin da ya kauce.

A wannan gaɓar akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda littafin koyo da aka rubuta a Amurka ba zai gaya wa yaranmu ba. Kunnenmu a kan matakala biyar ya tashi. Waƙar Sudan ta tsakiya, tun daga tsofaffin waƙoƙin haƙiba har zuwa abin da ake rerawa yau a gidan biki, a kan sullam humasi take, wato matakala mai sauti biyar, haka ma yawancin waƙoƙin da iyayenmu suka zo da su daga ƙasar Hausa. A wannan matakalar babu rabin mataki. Wannan gata ne babba, domin bulus kanta jininta ɗaya da matakala biyar, kuma yaron da ya girma a Mai Wurno ko Damazin yana shiga cikinta kamar ya shiga gidan kakarsa. Amma tafiyar jaz cike take da rabin mataki, da shi ake hawa daga gida zuwa gida. Abin da na lura a ɗaukar ɗana da ta abokansa biyu shi ne, sautukan da ke cikin biyar ɗin nan suna fitowa tsaf, na tsakankani kuma suna karkata, yatsa yana jan su zuwa inda kunne ya saba. Wanda zai ba da gyara ya kamata ya san wannan, don kada ya ce wa yaro ba shi da kunne. Kunne yana da shi, mai kyau ma. Baƙi ne bai gama sabawa da su ba. Maganinsa goge dogon sauti da baka a hankali, ana jin wani sauti tsayayye daga waya a gefe, domin fizga tana ɓoye karkata, baka kuwa tona asiri yake yi.

Ba yau aka fara koyon jaz ta kunne ba, kuma ina son yaran nan su san ba a banza suke ba. Jimmy Blanton ya shiga ƙungiyar Ellington a 1939, ya rasu da tarin fuka a 1942 yana da shekara 23. A ɗan wannan tsakani ya nuna cewa kontirabas zai iya rera waƙa kamar abin busa, kuma galibin waɗanda suka gaje shi a faifai suka same shi, suna mayar da allura baya suna kwaikwayo. Ray Brown, Oscar Pettiford, Charles Mingus, Paul Chambers, kowa ya sha daga na gabansa. Scott LaFaro ma shekara 25 kawai ya yi a duniya, hatsarin mota ya ɗauke shi a 1961. Akwai kuma Ahmed Abdul-Malik, wanda ya kaɗa wa mai fiyano Thelonious Monk bas a 1958, ya kuma iya ud, molon Larabawa. An haife shi a Brooklyn a 1927, ya riƙa cewa mahaifinsa ɗan Sudan ne. Daga baya masanin tarihi Robin Kelley ya gano iyayensa daga tsibirin Saint Vincent suke. Ko ma dai yaya, mutum ne da ya ji a jikinsa cewa tsakanin kiɗan Kogin Nilu da na baƙar fatar Amurka akwai zumunci, ya ƙarar da rayuwarsa yana neman haɗa su.

Mu ma a nan kalmar jaz ba baƙuwa ba ce, ko da yake ma'anarta ta ɗan bambanta. Jaz ɗin Sharhabil Ahmad, wanda aka haifa a Umdurman a 1935 ake kuma yi masa laƙabi da sarkin jaz, kiɗa ne na gita da kayan busa da ganguna a kan karin Sudan, don rawa. Wannan bambanci yana shiga cikin gyara. Na ga wani dattijo, abokin sana'ata na da, ya saurari tafiyar ɗana ya ce ba ta da daɗin rawa, yana auna ta da ma'aunin gidan biki. Shi ya sa wajibi ne mai turawa ya faɗi abin da yake nema. Kuma ko ba komai, mu jikokin mahajjata muna da tsohon hannu a wannan fage: A'ishatu Falatiya, haifaffiyar Kasala wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Sakkwato, ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940.

Saura maganar da ta fi wuya, wadda ba ta na'ura ba ce. Mu mutane ne masu kara. Yaro ya turo maka abin da ya kwana yana yi, a garin da ya zo gudun hijira, da abin kiɗan aro, bakinka ba ya son furta aibi. Sai ka ce ma sha Allah ka wuce. Addu'a ce mai kyau, a faɗe ta, amma kada a tsaya nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron da aka yi wa shiru a kan satar lokaci zai shekara 2 yana shuka ta a hannunsa, ranar da ya tsaya da mai ganguna na gaske a gaban jama'a sannan zai sani, a lokacin kuma cirewa ta yi wuya. A ɗaya gefen akwai masu zuba gyara goma a saƙo ɗaya, lokaci, dozan, sauti, zaɓin waƙa, har tsayuwa, don a san sun sani. Wannan ma kashe gwiwa yake yi. Abu ɗaya za a ɗauka, wanda in ya gyaru zai ja sauran, a nuna minti da sakan, a faɗi abin da za a yi gobe da safe. A kuma nuna wuri ɗaya da ya yi kyau, shi ma da minti da sakan, domin yaro ya san abin da zai riƙe. Shi kuma mai turawa ya daina cewa "ya kuka gani?" Ya ce: tafiyata a gida 4 na ƙarshe tana kai ku gida ko tana ɓatar da ku? Tambaya mai kai ita ke jawo amsa mai amfani.

Akwai abin da sauti kaɗai ba zai taɓa nunawa ba. Yaro zai iya fitar da sauti mai kyau da murɗaɗɗen wuyan hannu, yana matse wuyan abin kiɗan da babban yatsa kamar mai shaƙe kaza, maimakon ya bar nauyin hannu da kafaɗa su yi aikin. A kunne lafiya lau, a jijiya kuwa ciwo ne ke taruwa. Ko sau ɗaya a wata a tura bidiyo na sakan 30 da ke nuna hannuwa biyu. Haka kuma mai bas shi kaɗai a ɗaki rabin labari ne, don aikinsa ɗaukar wasu ne. In akwai mai ud ko mai gita a unguwa, ko mai tafi ma, a ɗauka tare. Wani lokaci kuma zizar da ake ji ba daga hannu take ba. Itace ne da manne, ya fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, zafin Kasala da bushewarta kuwa suna buɗe masa gaɓoɓi. Kuma kada a kuskura a kwance tsirkiyoyi 4 lokaci guda, domin a cikin cikinsa akwai ɗan ginshiƙi da ba a manne ba, matsin tsirkiya ne ke riƙe da shi. Faransawa rai suke kiransa. In ya faɗi, samun mai tayar da shi a inda muke yanzu aiki ne.

Bayan kwana 19 wani saƙon ya shigo, fayil ne wannan karon. A rakuba ya ɗauka, ana jin zakara can nesa, wani maƙwabcinsu yana riƙe masa bugu da tafi a kan 2 da 4. Na sa abin saurare, na zuba ido a kan agogo. Zagayen farko 24, na uku 24, na biyar 24 saura ƙiris. A gida na 9 ya bar sautin ya cika kafin ya ɗaga hannu. Rabin matakin da ke kai shi gida na 5 har yanzu yana ɗan karkata sama, na rubuta masa minti da sakan. Kafin in ajiye wayar ya amsa: "To Kawu, gobe zan goge shi da baka in turo."